Yawon Asabar a Jos, daga kalangu har jita

Asabar ɗin da ta wuce na ce yau kam ba zan wuni a ɗaki ina danna waya ba, da ƙafata zan taka garin nan. Sanyi ya fara shigowa, kun dai san Jos, gari ne a kan tudu, tsayinsa ya kai wajen mita 1,200, shi ya sa ko rana ta fito sai ka ga mutane da rigar sanyi. Na tsaya kusa da Masallacin Juma'a na ci masa mai zafi da miya, na kora da shayi, sannan na gangara Terminus.

Duk lokacin da na wuce ta gaban babbar kasuwar nan da ta ƙone a 2002 sai raina ya sosu wallahi, gini har yanzu yana nan a haka, 'yan kasuwa kuma sun baje kaya a bakin titi suna ta fama. Kiɗa kam akwai shi a Terminus, kowane mai tura waƙa a waya ya ƙure sifikarsa, wannan na Indiya, wancan na coci, na gaba wa'azi, duk sun cakuɗe ba ka gane ko ɗaya. Ban daɗe ba na wuce.

A Gangare ne kunnena ya kama abin da ya tsayar da ni. Kalangu! Na gaske fa, ba na cikin kwamfuta ba. Na bi sautin ta wani lungu sai ga biki, an kafa rumfa an jera kujerun roba, makaɗa na tsaye a tsakiyar fili da 'yan amshi a bayansu. Babbansu wani dattijo ne siriri, hularsa ta sha jiki, ya rataya kalangun a kafaɗa ya matse shi a hammata. Na matsa kusa sosai don in ga hannunsa. In ya matse igiyoyin fatar nan sai muryar gangar ta yi sama, in ya sassauta ta sauko, yatsun hannunsa na hagu kuma suna ta wasa a bakin fatar, zufa na bin wuyansa duk da sanyin da ake yi. Da wata gwaggon ango ta shigo fili kawai sai ya juya kiɗan ya koma takenta, matar nan ta tsaya cak, ta rufe baki da mayafi, sai guɗa ta ko'ina. Sanƙira ya kama jero kakanninta ɗaya bayan ɗaya. To ku gaya min, wane DJ ne zai yi wannan? DJ ya san waƙar da ake yayi, amma bai san gwaggon ango ba. Abin da ya sa nake son kiɗan fili ke nan, makaɗin yana kallonka, yana ganin wanda ya shigo da wanda ya tashi, kuma abin da ya gani shi yake kaɗawa nan take.

Liƙi ma ya canza yanzu, tun da aka fara kama masu watsa naira mutane suka koma damƙa wa makaɗi a hannu ko a jefa a faranti, har lambar akawun na ji sanƙiran yana karantowa. Da suka ɗan huta na je na durƙusa na ce Baba sannu da aiki. Ya ce yauwa ɗana, kai ɗan gidan ango ne ko na amarya? Na ce ni ɗan hanya ne Baba, kalangunka ne ya jawo ni. Ya yi dariya ya ce ai gara kai, yaran yanzu sai sifika. Ya ce min gayyata ta ragu ƙwarai, kuma a cikin 'ya'yansa babu wanda ya yarda ya ɗauki sana'ar. Maganar nan ta tsaya min a rai, don garin nan fa shi ya ba duniya Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, mutum ɗaya da kuntigi, ɗan gwangwani da aka rufe da fata da tsirkiya ɗaya tal, ba 'yan amshi ba komai, ya yi wa karen mota waƙa ya yi wa talaka waƙa har aka san shi a ƙasashen waje. Yau in ka ce a nemo maka matashi mai kaɗa kuntigi a Jos sai an sha wuya.

Daga nan na bi Ahmadu Bello Way na haura wajen gidan tarihi. Bature Bernard Fagg ne ya kafa shi a 1952, a ciki akwai kawunan yumɓu na mutanen Nok na zamanin da, da aka fara tsinta wajen haƙar kuza, a baya kuma an gina kwafin ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya da ƙasa. Na sha shiga tun muna firamare don haka ban daɗe ba, dama inuwa na zo nema. Ina zaune sai na ji busa daga wani fili can gefe, ashe 'yan Asharwa ne, masu sarewar Afizere, waɗanda muke ce wa Jarawa, an gayyato su wani taro. Duk wanda ya tashi a Jos ya san su. Samari a layi kowa da 'yar sarewarsa, suna busa suna rawa a lokaci guda, su duƙa su miƙe su buga ƙafa ƙura ta tashi, kuma numfashi bai yanke ba, ni kallo kawai nake amma sai da na ji ina haki. Ba na jin yarensu ko kaɗan, amma wani dattijo da ke kusa da ni ya matsa min a benci ya ce zauna mana ɗan'uwa, da Hausa, muka yi ta kallo tare yana nuna min wanda ya fi iyawa.

Ba sai na faɗa ba, tun rikicin 2001 da na 2008 da 2010 unguwanni suka rabu, akwai inda wani ba ya son yamma ta yi masa, mu da muke ciki mun sani. Amma a bencin nan babu wanda ya tambaye ni daga wace unguwa nake.

La'asar na yi na hau keke napep, na canza mota, sai Rayfield. Tafkin nan ma ramin kuza ne da ruwa ya cika, yanzu ya zama wurin shaƙatawa. A wani lambu da ke kusa wasu matasa sun kafa kaya a waje, jita biyu da ganguna da piyano, janareto na ta ƙugi a baya. Gaskiya sifikarsu ɗaya tana ƙara, kuma mai gangar yana da gaggawa, yakan bar sauran a baya. Amma yarinyar da ke waƙar, kai! Ta yi da Turanci, ta yi da Berom, ta dawo Hausa, kuma da ta shiga Hausar ne wurin ya ɗauka gaba ɗaya, mai tsire ya bar wutarsa yana amshi, wasu 'yan jami'a suka tashi rawa, wata uwa da goyo a baya tana tafi. A irin waɗannan wuraren da coci-coci da makarantu ake koyon hannu a garin nan, ba banza ba mawaƙa irin su P-Square da M.I da Ice Prince duk a Jos suka tashi. Na sayi tsire na zauna a kan dutse, iska mai sanyi na tasowa daga ruwa, na manta da waya sam sai da Hajiyarmu ta kira tana faɗa wai magariba ta kusa ina ina.

Ban so tashi ba amma dole, hanyar gida da nisa kuma abin hawa na wuya in duhu ya yi. Kafin in bar Gangare dama Baban nan ya ce min Asabar mai zuwa suna da wani bikin a Rikkos bayan azahar. In Allah ya kai mu zan je da ƙanena, bai taɓa ganin ana kaɗa kalangu ido da ido ba, kuma zan tanadi canji saboda faranti.