Duwatsun da masu haƙar zinare ke zubarwa

A hutun makaranta na 2019 na bi kawuna daga Mai Wurno har rijiyoyin zinare da ke hamadar Abu Hamad, duk a ƙasar Sudan. Shi neman abinci ya kai shi, ni kuwa malamin kimiyya ne da ya gaji da zana dutse a allo, yara suna hamma.

Ranar farko aka ɗaura mini igiya a ƙugu aka zura ni. Rijiyar ba ta da faɗi, kafaɗuna na gogar bango, zafi kamar an kifa maka tukunya. Kafin in sauka Kawu ya sa an janye janareto nesa da bakin ramin, ya ce, "Ɗana, dutse ana jin ƙararsa kafin ya faɗo, hayaƙi kuwa sallama ba ya yi. Ka ji kanka ya yi nauyi, ja igiya."

A ƙasa na haska tocila na ga jijiyar farin dutsen da suke kira maru, cikinta wasu 'yan ƙwayoyi rawaya masu kusurwa huɗu suna walƙiya. Na fito ina rawar jiki, wai na yi arziki. Dariyar da aka yi mini har yau ana tuna mini da ita. Kawu ya ɗora ƙwaya ɗaya a kan dutse ya buga mata guduma, ta watse ta zama gari, warin farar wuta ya tashi. Zinare da ya sha wannan dukan sai dai ya baje. Abin da na ɗauko sunansa fayirayit, haɗin ƙarfe da farar wuta. In ka goga shi a gindin kofin tangaran inda babu sheƙi, baƙin layi mai ɗan kore yake bari, zinare kuwa rawaya. Ga nauyi ma: zinare ya ninka ruwa sau 19, wannan sau 5 kawai. Duk na san wannan a takarda, amma ido ya ci ni.

Daga nan na koma tsince-tsince a tulin da ake zubarwa kafin a kai buhuna injin niƙa: fayirayit, maru mai kaifin baki shida, da wani koren dutse mai nuna akwai jan ƙarfe a kusa. Na yi wauta biyu. Na zuba su buhu ɗaya, kafin mu kai Atbara rabi sun gutsure, kuma ban rubuta ramin da kowanne ya fito ba. Yanzu kowane dutse da tsummansa da 'yar takardarsa.

A aji na daina farawa da sunaye. Sai in miƙa wa yaro maru in ce ya lissafa gefensa. In kawo shayi mai zafi da ya sha sukari fiye da kima, mu bar shi ya huce, su ga sukarin ya kwanta. Haka ruwan zafi ya taso ta tsagar dutse ɗauke da narkakken maru da zinare, ya huce ya bar su. Duwatsun sun haura shekara miliyan 550, kuma irinsu ne a Mahadud Zahab ta ƙasar Saudiyya, don Bahar Maliya ce ta raba su da ta fara buɗewa wajen shekara miliyan 30 da suka wuce.

Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe ƙasarmu ta riga mu zuwa Hajji?" Fayirayit ɗin da ya kunyata ni, ita na ba ajiyarsa.