Minti uku a gaban hukumar makarantu

Minti uku suka ba ni. A gefen makirufo akwai wata 'yar na'ura mai fitila: kore idan ka fara magana, rawaya idan saura rabin minti, ja idan lokacinka ya ƙare. Dare biyu na yi ina rubuta abin da zan faɗa, ina karanta wa maigidana yana duba agogo, ina yanke jimla bayan jimla. Duk da haka jar fitilar ta kama ni a tsakiyar zance. Shugabar zaman ta ce ta gode, ta kira mai bi mini. Ba wanda ya ba ni amsa, don haka tsarin yake: jama'a su yi magana, 'yan hukuma su saurara. Kafin a tashi suka kaɗa ƙuri'a, suka soke gurbin mataimakiyar da ke zama da yara sababbin zuwa, waɗanda Turancinsu bai nuna ba, a makarantar 'yata.

Mu da muka zo sauraro a daren ba mu cika layin kujeru biyu ba.

A mota na ce wa maigidan zan tsaya takarar kujera a hukumar. Ya yi shiru har muka wuce danja biyu, sannan ya ce, "Malama, ke da ko a taron iyaye kike zama a kujerar baya?" Na ce masa kujerar bayan ce ta ishe ni.

Bari in ɗan yi bayani saboda masu karatu da ba a Amurka suke ba. Kundin tsarin mulkin ƙasar nan bai ambaci ilimi ba, don haka maganar makaranta ta jihohi ce, su kuma jihohin sun miƙa tafiyar da ita ga gundumomin makarantu, sama da 13,000 a faɗin ƙasar. Akasarin gundumomin nan suna da hukuma ta mutum biyar zuwa tara, waɗanda mazauna yankin ke zaɓa, a wurare da yawa ba tare da tambarin jam'iyya a jikin sunansu ba, kuma da yawansu ba a biyansu ko kuɗin da zai sa mutum ya bar aikinsa. Su ke ɗaukar babban jami'in da ke gudanar da makarantun, su ke iya sallamarsa, su ke amincewa da kasafin kuɗi da yarjejeniyar albashin malamai. Tamu mutum bakwai ce, wa'adin shekara huɗu.

Abu na farko da na bincika shi ne ko na ma cancanta. A jihohi da yawa, malamin da ke karɓar albashi daga gunduma ba zai zauna a hukumarta ba, kuma da gaskiyarsu, ba ka zama maigidan kanka. Sa'ar da na ci ita ce ina koyar da lissafi a gundumar maƙwabta, a nan kuwa ni uwa ce mai biyan haraji kawai. Na karɓo takardu daga ofishin zaɓe, na bi gida-gida neman sa hannun masu rajistar zaɓe, aka soke mini wasu saboda adireshinsu bai yi daidai da na rajista ba, na koma na cike. Wannan ɓangaren wahalar ƙafa ce kawai.

Na shiga takarar da ƙarfin gwiwata a kan magana ɗaya: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Cikin mutum bakwai ɗin nan ba wanda ya taɓa tsayawa gaban yara talatin da ƙarfe biyu na rana. Ni kuwa na san abin da mataimakiyar nan take yi, domin akwai irinta a makarantar da nake aiki. Akwai wani yaro a ajina da ya zo ƙasar a tsakiyar zango. Ka rubuta masa lissafin kashi-kashi a allo, kafin ka ajiye alƙalami ya gama. Amma a naɗe lissafin nan cikin labari, a ce wance ta sayi kaza ta raba wa ƙannenta kaza, sai ya zuba wa takardar ido, ya ɗora fensir a leɓe, har a karɓe. A jarrabawa sai ya fito kamar wanda bai san komai ba. Mataimakiyar ce ta ja kujera kusa da shi, ta riƙa sa yatsa a ƙarƙashin kalmomi tana zana masa su da da'ira da kibiya, har ya gane wace kalma ce ke nufin a tara, wace ce ke nufin a raba. Ba alfarma ake yi masa ba. Tun 1974, a shari'ar Lau da Nichols wadda ta taso daga ƙorafin ɗalibai 'yan asalin Sin a San Francisco, Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba wa yaro littafi da malami iri ɗaya da na kowa bai wadatar ba idan ba ya jin harshen da ake koyarwa da shi.

Wannan labarin nake ɗauke da shi ƙofa-ƙofa, kuma yana ratsa mutane, har na fara jin kaina. Sai wata Asabar na ƙwanƙwasa ƙofar wani dattijo. Ya saurare ni har ƙarshe yana riƙe da ƙofar da hannu ɗaya, ya ce in jira. Ya dawo da takardar harajin gidansa, ya nuna mini layin da ke tafiya ga makarantu, wanda ya fi sauran layukan nauyi. Ya ce autansa ya gama sakandare tun kafin a haifi 'yata, shi da matarsa fansho suke ci, fansho kuwa ba ya tashi idan an sake ƙiyasta darajar gida. Sannan ya tambaye ni, ba da faɗa ba: "Wannan matar da kike so a mayar, daga ina za ki samo albashinta? Daga aljihuna, ko daga na wani yaron?"

Na buɗe baki na rufe. Malamar lissafi, an tambaye ta lissafi, ta tsaya da fensir a leɓe.

Daren ranar na sauke kasafin kuɗin gundumar daga intanet, abin da ya kamata in yi tun kafin in nemi sa hannun kowa. Abin da gwamnatin tarayya ke bayarwa ga makarantun gwamnati a ƙasar nan bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma ba, saura daga jiha ne da kuma harajin gidaje irin na dattijon. Kuma kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin gudanarwa albashi ne da haƙƙoƙin ma'aikata. Ma'ana, idan kuɗi suka gaza, ba takarda da alli ake ragewa ba, mutum ake cirewa. Na bi shafukan ina neman wata ɓarna da zan nuna da yatsa in ce ga kuɗin. Na sami ƙananan abubuwa da ban yarda da su ba, amma ba su kai albashin mutum ɗaya ba. Idan mataimakiyar za ta dawo, ko a haɗe hanyoyin motar makaranta biyu yara su ƙara tsayuwa cikin sanyi, ko a ƙara yawan ɗalibai a wani aji, ko a koma wa masu gidaje a roƙi ƙari. Mutum bakwai ɗin da na ɗauka marasa tausayi ne, ashe zaɓi suka yi tsakanin asara da asara.

Har yanzu ina ganin sun zaɓi wadda ba daidai ba. Na karanta bayanan zaman da aka yi kafin ƙuri'ar, ban ga inda wani ya tambayi abin da matar take yi daga safe zuwa tashi ba. An cire ta ne don ita ce wadda iyayen yaranta ba za su cika zauren ba: wasu suna aikin dare, wasu ba sa jin harshen, wasu tsoron duk wani ofishin gwamnati suke yi. A nan nake tunatar da mutanenmu abu biyu. Wanda bai zama ɗan ƙasa ba kada ya kuskura ya yi rajista ko ya jefa ƙuri'a, ko da yana da katin zama na dindindin, domin laifi ne da kan iya kai mutum ga kora, sai fa inda doka ta buɗe ƙofa a fili, kamar San Francisco da ta amince a 2016 iyaye waɗanda ba 'yan ƙasa ba su zaɓi hukumar makarantu. Amma zaman hukuma a buɗe yake, kuma a zaurenmu ba a tambayar fasfo kafin a ba ka minti ukunka.

Akwai masu cewa malama a hukuma bakin ƙungiyar malamai ce kawai. Ba na jin haushin zargin, don ranar da maganar ƙarin albashi ta zo gabana, zuciyata ta san inda za ta karkata. Abin da na iya yi wa mutane alkawari shi ne duk abin da na nemi a ƙara, zan faɗi a fili abin da za a rage dominsa, da sunansa da lambar shafinsa.

Makon jiya na koma gidan dattijon da shafuka uku da na ja wa layi da jan biro. Muka zauna a matakalar ƙofarsa, ya sa tabarau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya yarda da ni a ɗaya, ya ce biyun ban san abin da nake faɗa ba, kuma a ɗaya daga cikinsu ina jin shi ke da gaskiya. Na tambaye shi ko zan kafa allon takarata a ciyawar gabansa. Ya ce bai yanke shawara ba tukuna, in dawo bayan na karanta ɓangaren motocin makaranta. Yana nan a jakata, ƙarƙashin takardun jarrabawar 'yan aji bakwai da ban gama makin su ba.