Launin cuta a jikin Bature da jikin baƙar fata

Duk wanda ya yi karatun jinya a Arewa ya san haddar nan ta shekarar farko. Malami zai tsaya gaban allo ya jera mana saiwoyin kalmomin likitanci da aka aro daga Girkanci da Latin, kuma na launi ne suka fi saurin zama a kai. A Girkanci eritiro ja ne, luko fari, melano baƙi, sayano shuɗi, zanto rawaya, foliyo kuma toka-toka. A Latin alba fari ne, rubura ja, nigira baƙi. Da ka riƙe waɗannan, sunayen cututtuka da yawa sai su daina ba ka tsoro. Shan inna ana kiranta foliyo ne saboda ƙwayar cutar tana cin ɓangaren lakar gadon baya mai launin toka. Sankarar jini ta samu sunan lukimiya a 1847 daga likitan Jamus Rudolf Virchow, wanda ya ga jinin majinyaci ya yi fari-fari don yawan fararen ƙwayoyi. Sirosis kuwa, ciwon da ke ƙandarar da hanta, Bafaranshe René Laennec ne ya raɗa masa suna a 1819 daga launin rawaya mai duhu da ya gani a hantar gawa.

Launin hanta da na jini ɗaya ne a jikin kowa. Matsalar tana wajen kalmomin da ke bayanin fata, domin waɗanda suka ƙirƙire su fatar Turawa suke kallo. Littafi ya ce mai ƙarancin iska a jini zai yi shuɗi, wato sayanosis, wurin kumburi kuma zai yi ja, wato eritima. Mun rubuta haka a jarrabawa mun ci. Amma a ɗakin marasa lafiya wani ilimi daban manyan sistoci suka koya mana: ja fatar ido ƙasa ki duba, sa ya fito da harshe, buɗe tafin hannu, danna farce, taɓa wurin da bayan hannunki ki ji zafinsa. Ba a rubuce aka ba mu shi ba, a tsaye muka ɗauka.

Na zo Ingila da sanyi, bayan jarrabawar Turanci da ta kwamfuta da hukumar ma'aikatan jinya ta NMC take buƙata, sannan na yi ta gwajin aiki a nan. Garin da aka ba ni aiki yana arewacin ƙasar. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya shigo, ka fita aiki da duhu ka dawo da duhu. Ɗaki guda na kama a gidan haya, kuɗin ɗumama shi kaɗai ya isa ya hana ka barci. Samun naman halal bai yi wuya ba, shagunan 'yan Pakistan suna nan, har garin masara da kuɓewa ana samu. Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne idona ya saba da jikin mutanen da nake jinya.

A sashen tsofaffi aka fara sa ni. Nan na ga wani dattijo mai ciwon huhu leɓɓansa sun yi shuɗi sosai, kamar an tsoma su a marinar Ƙofar Mata. Na daɗe ina furta kalmar sayanosis, ranar na ga abin da take nufi da idona. Fatar Bature tana faɗin komai: sanyi ya sa ta ja, kunya ta sa ta ja, ruwan wanka mai zafi ma haka. Sai da na koyi rarrabe jan da ba komai ba ne da jan da ke cewa a kira likita, kuma abokan aikina ba su yi mini rowar wannan ilimin ba.

Ranar da aka kwantar da baƙar fata kuwa, ko ɗan Jamaika ne ko Basomale ko ɗan gida Najeriya, sai lamarin ya juya. Ɗauki gyambon kwanciya. Matakinsa na farko a takardar da muke cikewa shi ne jan da ba ya gushewa idan an danna da yatsa. A jikin baƙi babu wannan jan. Wurin zai ƙara duhu ne ko ya yi shunayya, ya yi zafi ko tauri fiye da kewayensa. Wadda ta tsaya jiran ja za ta jira har fata ta fashe. Haka ƙarancin iska: leɓen baƙi toka-toka yake yi, sai an duba harshe da dasashi. Ga kuma wani abu da ya shafi masu sikila: shuɗin ba ya bayyana sai himogulobin (sinadarin da ke ɗaukar iska a jini) da ya rasa iska ya kai kimanin giram 5 a kowace desilita ta jini, don haka mai ƙarancin jini zai iya galabaita ƙwarai ba tare da launinsa ya sauya ba. Hatta sanƙarau, wanda mu 'yan Arewa muka san ɓarnarsa lokacin zafi, a nan ana koya wa iyaye su danna kofin gilashi a kan ƙurajen su ga ko za su dushe. A jikin yaranmu sai an nemi ƙurajen a tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido da ganɗa.

Na'ura ma ba ta tsira ba. Ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini da haske yake aiki, kuma melanin, sinadarin da ke ba fata duhunta, yana iya ruɗa shi. A Disambar 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka nuna cewa cikin majinyatan da na'urar ta ba lamba mai kyau, tsakanin 92 da 96, kashi 11.7 cikin ɗari na baƙaƙe iskarsu ta yi ƙasa da 88 a gwajin jini na gaskiya, alhali a fararen fata kashi 3.6 ne. Wannan ya tayar mini da hankali, don lokacin korona da wannan lambar ake yanke wa za a kwantar, wa za a sallama. A shekarar ce kuma wani ɗalibin likitanci a jami'ar St George's ta Landan, Malone Mukwende, ya haɗa kai da malamansa biyu suka fitar da ɗan littafin hotunan alamomin cuta a baƙar fata. Abubuwa sun fara motsi, ina ganin haka a horon da ake ba mu, amma har yanzu a ma'aunin Apgar, wanda tun shekarun 1950 ake duba lafiyar jariri da shi da zarar an haife shi, cikakken maki na launi yana ga wanda ya yi ruwan hoda ne duk jikinsa.

Melanin ɗin nan ya biyo ni har gida. Ranar Ingila ba ta da ƙarfin da fatarmu ke buƙata don haɗa bitamin D, balle ga mai rufe jiki, shi ya sa hukumar lafiya ta NHS take shawartar masu duhun fata su riƙa shan maikurogiram 10 kullum duk shekara. Ina sha, kuma duk sabuwar zuwa ina gaya mata.

Hausawan garin ba mu da yawa, kowa ya san kowa, kuma da aka ji ni nas ce sai wayata ta zama ta jama'a. Wani dare wata ƙanwa da ta haihu kwana uku ta kira.

"Anti, don Allah ki leƙo. Ba ya kama nono sosai, barci kawai yake yi."

"An duba shi yau?"

"An duba, an ce launinsa lafiya lau."

Na je na buɗe idonsa a ƙarƙashin fitila mai haske, farin ya yi ruwan ɗorawa. Dasashinsa ma haka. Na danna kan hancinsa, inda yatsana ya tashi rawaya ne.

"Ki sa mayafinki, shawara ce. Maigida ya fito da mota, yanzu za mu tafi. In mun je ki ce a auna bilirubin, kada ki yarda da kallo kawai."

Ƙa'idar ƙasar ma abin da ta ce ke nan, kada a kimanta yawan bilirubin, sinadarin da ke kawo rawayar, da ido, a auna. Aka auna, ya haura layin da ake fara magani, aka sa shi ƙarƙashin shuɗin hasken da ke narkar da sinadarin har jiki ya iya fitar da shi. Shawarar jarirai abu ne da aka saba gani kuma yawanci tana wucewa, amma idan ta yi yawa aka bari tana taɓa ƙwaƙwalwa da ji. Tun daga nan, duk mai cikin da ta kusa haihuwa a zaurenmu na WhatsApp ina tura mata saƙo guda: ta riƙa duba farin ido da dasashin jaririnta da hasken rana a makon farko, ta kula da launin fitsari da kashi, kuma idan rawayar ta bayyana cikin awa 24 na farko, asibiti za ta nufa a lokacin.