Laraba, da bidiyon da Kawu ya ƙi kashewa

Da safe komai lafiya lau. Aiki ya tafi sumul, har Auta ta dawo mini da cajata da ta yi sati a hannunta, abin da na riga na fid da rai. Bayan la'asar ne Kawu ya shigo da waya a hannu, fuska a murtuke, ya ce in zo in ga wani abu.

Bidiyon Eight Belles ne, na Kentucky Derby na 2008, wato babban tseren dawaki na Amurka. Tsohon abu, amma shi yau ya fara gani. Goɗiya ce 'yar shekara uku, ita kaɗai mace cikin dawaki 20, ta zo ta biyu a bayan Big Brown. An gama tsere, ta wuce layi, mahayinta yana rage mata gudu, sai kawai ta kife. Idon sawun ƙafafunta na gaba duka biyu sun karye. A nan kan fili aka yi mata allurar mutuwa, mutum sama da dubu 150 suna wurin.

Sau uku Kawu yana maimaita shi. Sannan ya ce, "Kai da ka san dawaki, gaya mini. Ƙafa ce fa kawai. Mutum ma yana karyewa a ɗora shi. Su da ke da kuɗi da asibiti, me ya hana su ɗora ta? Ko don ta daina kawo kuɗi ne?"

Na ce, Kawu ku zauna tukuna, zancen da tsawo.

Dokin tsere yana kai kilo 500, yana sukuwar da ta kai kilomita 60 a awa. Wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa a ƙafafun gaba yake, kuma a kowane taku na sukuwa akwai lokacin da ƙafa ɗaya tak ke ɗauke da shi gaba ɗaya. A wannan ƙiftawar idon, gaɓar idon sawu tana lanƙwashewa har ta kusa taɓa ƙasa. Abin da ke tallafe da ita daga baya jijiyoyi ne da wasu ƙananan ƙasusuwa guda biyu, kowanne bai fi ƙwan zabo ba. Daga gwiwa zuwa kofato kuwa babu tsoka, ƙashi ne da jijiya da fata. Saboda haka idan ƙashi ya tarwatse ba abin da zai tare shi, yakan huda fata ya fito, ƙasa ta shiga ciwon. Jijiyoyin jinin wurin ma sukan tsinke, naman da ba ya samun jini kuwa ba ya warkewa, maganin kashe ƙwayoyin cuta ma ba ya isa gare shi. Sannan doki mai gudu ba ya tsayawa don ya karye, yakan ƙara taku da yawa a kan karayar, abin da ya fara da tsagewa ya koma niƙa.

A ce an yi sa'a an kai shi asibiti. Mutum kana iya ce masa ya kwanta wata biyu, ya yi ta dogara sanda. Doki fa? In ya daɗe a kwance nauyinsa yana danne masa tsoka da huhu, hanjinsa ya rikice. Farkawa daga maganin barci ma wani haɗarin ne. Ruffian, wata goɗiyar tsere da ta karye a 1975, an yi mata aiki an gama, da ta farka ta yi ta shure-shure kamar tana kan gudu, ta wargaza duk abin da aka ɗora. In kuma ya miƙe ya tsaya da ƙafa uku, lafiyayyar ƙafar da ke ɗauke da nauyin ita za ta ba da kai. Akwai wani siririn nama da ya manne kofato da ƙashin da ke cikinsa. Idan aka daɗe ana danne shi jini ba ya zagayawa, sai ya saki, ƙashin ya juya ko ya nitse. Likitocin dabbobi suna kiran ciwon laminaitis, raɗaɗinsa ba a magana.

Kan zancen kuɗi sai na kawo masa labarin wani doki, Barbaro. Ya ci Derby a 2006, bayan sati biyu ƙafarsa ta baya ta dama ta karye a tseren Preakness, ƙashi ɗaya kaɗai ya fashe gida fiye da 20. Masu shi ba su ji ƙyashin kashe kuɗi ba. A asibitin New Bolton na Jami'ar Pennsylvania aka sa masa ƙarfe da kusoshi 27, aka farkar da shi a cikin tafkin ruwa don kada ya yi irin ta Ruffian. Masoya suka yi ta aiko da furanni da wasiƙu. Ƙashin har ya haɗe. Amma a watan Yuli laminaitis ya kama ɗaya ƙafar ta baya, daga bisani ya kama na gaba biyu, ranar 29 ga Janairun 2007 aka hutar da shi. Wata takwas ana fama. Ga Barbaro mai ƙafa uku lafiyayyu ke nan. Eight Belles da ta rasa na gaba duka biyu, ko tsayuwar da za a sa ta a mota ba ta da ita.

Kawu ya yi shiru, ya ajiye wayar. Can ya ce, "To ƙaddara ce. Ta taka ba daidai ba."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai har dare. Na ce, Kawu ban musa ƙaddara ba, amma "ya taka ba daidai ba" ita ce maganar da masu horarwa suka daɗe suna fakewa da ita. A Kalifoniya tun 1990 duk dokin da ya mutu a filin tsere sai an binciki gawarsa, kuma abin da aka yi ta gani shi ne mafi yawan karayar da ke kisa a kan tsohon rauni take aukuwa, sau da yawa ma a sami irinsa a ɗaya ƙafar da ba ta karye ba. Ƙashi abu ne mai rai. Sukuwa tana yi masa 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani, jiki kuma yana gyarawa, sai dai gyaran kashi biyu ne. Da farko yana ƙwaƙule wurin da ya lalace, wannan cikin 'yan makonni. Cike ramin da sabon ƙashi kuwa yana cin wata uku ko fiye. Tsakanin nan ƙashin ya fi kowane lokaci rauni. Dokin da ake yi wa sukuwa mai tsanani a kai a kai, ɓarnar tana rigan gyaran. Wanda aka hutar wata ɗaya ko biyu sannan aka mai da shi gudu da gaggawa, shi ma ramukan ba su cike ba.

Kuma yawanci akwai alama. A shafa ƙafa kowace safiya kafin a fita, a ji ko akwai zafi ko kumburi a gaɓa, a kwatanta dama da hagu. A ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri: in ƙafar gaba ce ke ciwo, zai ɗaga kai duk lokacin da ta sauka. Abin da ke ɓata wannan duka shi ne maganin kashe zafi da allurar gaɓa, don suna ɓoye ɗingishi ba tare da sun taɓa tsagewar ba. Shi ya sa dokar Amurka ta yanzu ta hana irin wannan magani cikin awa 48 kafin tsere, allurar gaɓa kuma aƙalla kwana 14. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya cika kama raunin da wuri, sai na'urar CT ko PET, masu ɗaukar hoton cikin ƙashi dalla-dalla. A Ostareliya, bayan mutuwar wani doki, Anthony Van Dyck, a tseren Melbourne Cup na 2020, an wajabta hoton CT kafin tseren. A 2024 hoton ya sa aka cire Jan Brueghel, dokin da ake ganin shi zai ci, duk da ƙorafin mai horar da shi.

Lissafi ma ya nuna abin yana jin gyara. A 2009 doki biyu ne ke mutuwa a kowace fita tsere 1,000 a Amurka, a 2023 ya sauko 1.32. Sai dai ƙidayar ba ta haɗa da waɗanda suka faɗi wajen atisayen safe ba, inda babu kyamara babu 'yan kallo. Kuma a wannan 2023 ɗin ne doki 12 suka mutu a Churchill Downs, filin da ake yin Derby, cikin 'yan makonni, har aka kwashe sauran tseren aka kai filin Ellis Park. Na filin Santa Anita, doki 30 da suka mutu tsakanin Disambar 2018 da Yunin 2019, ban ma ɗauko masa ba.

Kawu ya ce ya ji. Ban ga alamar ya gamsu ba. Ya tafi kafin magariba.

Yaya ta kira kan zancen Asabar, an ɗaga. Kai na ɗan sarawa. Cajar da Auta ta dawo da ita ashe ba ta aiki.

Sai da na kwanta abin ya faɗo mini. Binciken gawar Eight Belles bai sami wani tsohon rauni a ƙashinta ba, gwajin magunguna ma bai nuna komai ba. Duk doguwar laccar da na yi gaskiya ce a kan yawancin dawaki, amma a kan goɗiyar da ya nuna mini, ita kanta, maganar Kawu ta fi tawa kusa da abin da likitoci suka rubuta. Na ɗauki waya zan kira shi na ga sha ɗaya ta wuce. Sai gobe in Allah ya kai mu, kuma na san sai ya yi sati yana tuna mini.