Daga Abuja zuwa bakin tafkin Pidong

Jiya na dawo daga Jos, ƙurar Mangu ma ba ta bar takalmina ba. Hanyar Keffi da Akwanga babu abin faɗa. A Hawan Kibo ne wani mai kaki ya tare motarmu, ya zazzage jakar wata tsohuwa a gefen titi, ko sannu bai ce mata ba. Har muka shiga gari raina a ɓace yake.

Kawuna ne ya sauke ni, tsohon ma'aikacin binciken ma'adinai. Da asuba, cikin sanyin da Abuja ba ta san irinsa ba, ya ce in sa rigar sanyi, za mu ga dutsen da ya taɓa aman wuta. Muka wuce Panyam, muka bi ta Kerang, sai ga mu a Pidong: tafki shiru a cikin bakin dutse, gonaki kewaye da shi.

Na ce, "Kawu, wannan ne ya yi wuta?"

Ya miƙo mini wani baƙin dutse mai huji-huji, ya ce, "Ɗana, wutar nan ai kyandir ce in ka kwatanta ta da ta Saiberiya." Ya ce shekara miliyan 252 da suka wuce ƙasa ta tsage a Saiberiya ta Rasha, narkakken dutse ya yi ta malala na dubban ɗaruruwan shekaru. Abin da ya girgiza ni, yawancin halittu ba wutar ce ta ci su ba. Iskar kabon da ta fita ce ta zafafa duniya, ruwan teku ya yi tsami, iskar numfashi ta ƙaranta a cikinsa, kusan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in halittun teku suka ƙare. Na daɗe ina kallon ruwan, ina tuna hayaƙin janaretocin layinmu a Kubwa.

Sau biyar aka yi irin wannan babbar halaka. Ta ƙarshe shekara miliyan 66 ke nan, da wani dutse mai faɗin kusan kilomita 10 ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na Meksiko. Ƙura ta rufe rana, tsirrai suka mutu, masu cin ciyawa suka bi, masu cin su ma suka bi. Nan dainoso, wato manyan dabbobin zamanin da masu kama da ƙadangare, suka ƙare, tsuntsaye da ƙananan dabbobi masu shayarwa suka tsira.

A hanyar dawowa muka tsaya sayen dankalin turawa. Kawu ya ce tokar dutsen nan ce ta sa ƙasar albarka. Matar ta cika kwando har da gyara, a kuɗin da ba zai sayi rabinsa ba a kasuwar Wuse, inda mai kaya ke kallonka kamar bashi ka zo ci.

Lahadi na kama hanya. Baƙin dutsen yana cikin buhun dankalin.