Ƙofar oben da ta ƙi buɗuwa, da abin da ya raba ni da shagon Oga

Ƙarshen watan nan zan kwashe kayan aikina daga shagon da na koyi gyaran kayan wuta na kicin a Sabon Gari. Yaran da muke tare sun san dalili, amma tun da kowa na faɗin nasa, gara a ji daga bakina, ko masu tasowa a sana'ar su tsinci wani abu.

Cikin oben ɗin da ake kafawa a jikin bango akwai masu wanke kansu da zafi. Ba ruwa, ba sabulu. Zafin ne ke hawa har kusan digiri 500, ya ƙone maiƙo da duk abin da ya zube ya mayar da shi toka, alhali gashin kek bai cika wuce 180 ba. A wannan zafin in aka buɗe ƙofa iska ta shiga, maiƙon na iya kamawa da wuta, fuskar mai buɗewa ce kuma za ta fara sha. Shi ya sa aka yi masa makulli: ƙaramin moto da ke juya ƙugiya ta kama ƙofar, sai ƙananan suwic da ke shaida wa fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa oben ɗin, an kulle ko an buɗe. Fanel makaho ne, suwic da sensar zafi su ne 'yan jagoransa. Abin da suka gaya masa shi ya sani, kuma ba ya sakin ƙugiyar sai ya tabbata zafi ya sauka.

Wankin nan yakan ci awa biyu ko uku, ga shi a Kano ba kullum ake samun wuta ta tsaya haka ba. Da an ɗauke ana tsakiyar aiki, ƙugiya sai ta tsaya inda take.

Abin da ya faru ke nan a gidan wata Hajiya a Nasarawa, mai yin kek da cincin na biki. 'Yar aikinta ta murɗa makunni ya faɗa kan wanki, aka ɗauke wuta, aka tada janareta, ƙofa ta ƙi buɗuwa, fitilar makulli tana ta ƙyaftawa. Ga odar biki a gabanta. Oga ya turo ni.

Na tarar oben ya huce. Na kashe shi daga bango na ɗan jima, na kunna, na sa shi a wanki na soke, don sau da yawa wannan kaɗai ke sa moto ya ƙarasa zagayensa ya saki ƙofa. Na kasa kunne: moto yana juyawa, ya tsaya, fitila ta ci gaba da ƙyaftawa. Moton da ke juyawa yana samun wuta, kuma fanel ne ke ba shi. Nan na fara wanke fanel daga zargi. Na cire wuta gaba ɗaya, na jawo oben daga ramin katakonsa, na buɗe murfin sama. Na auna sensa, mitar awon wuta ta ba ni wajen om 1,100, daidai da abin da irinta ke bayarwa in babu zafi. Da ta lalace tana nuna zafin da babu, fanel zai riƙe ƙofa yana jiran sanyin da ya riga ya zo. Fis ɗin zafi lafiya lau. Na zo kan suwic, ɗaya na danna shi mita ta yi ƙara, ɗayan shiru. Maiƙo da ƙurar hunturu sun daskare a jikinsa, ɗan harshensa ya lanƙwashe, har ya tokare hanyar ƙugiyar.

Na fita waje na kira shi. Na ce, "Oga, suwic ne. In an samo shi a cikin tsofaffin kaya ko a Ƙofar Ruwa, yau za a gama."

Ya ce, "Kai ka koya min aiki ko ni na koya maka? Ka ce mata fanel ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na auna, fanel ƙalau yake."

Ya kashe waya. Bayan la'asar sai ga shi da wani yaro. Bai tambayi abin da mita ta nuna ba. Ya zura sukundireba ta saman ƙofar ya ɓanɓara, ƙugiya ta karye, gilashin ciki ya tsage tun daga kusurwa. Da ya bari, daga sama ake kwance makullin da hannu ƙofa ta buɗe ba tare da an ji mata ciwo ba, ga murfin ma a buɗe. Ya sa wani fanel, ya karɓi kuɗi masu kauri, fitila ta ci gaba da ƙyaftawa kamar ba a taɓa ta ba. Hajiya ta ce, "Malam, wannan wane irin aiki ne?" Ya nuna ni ya ce yaron da ya turo da safe ne ya ɓata komai kafin ya zo.

Ta dube ni ta ce, "Haba ɗan nan, in ba ka iya ba ai sai ka faɗa."

Ban ce uffan ba. Yaro ba ya ƙaryata ubangidansa a gaban baƙo, haka aka tarbiyyantar da mu, kuma shi ma ya san haka, da shi ya dogara. Kuɗin gilashi daga ɗan abin da ake ba ni aka riƙa cirewa. Daga baya ya sayo makullin gaba ɗaya, da moto da suwic, ya aika wani ya ɗaura, oben ya tashi. Tsohon fanel ɗin Hajiya bai mayar mata ba. Na gan shi a kan kanta an goge shi, aka kuma sayar wa wani, yana can yana aiki.

Ba na musun cewa a hannunsa na fara riƙe mita, shi ya nuna min yadda ake bin waya daga tushe. Wannan ne ma ya fi ci min rai, don ya san daidai ya zaɓi wanda ya fi kawo kuɗi. Kuma ba shi kaɗai ba ne. "Fanel ya ƙone" ta zama amsar da ake ba duk mai firji, injin wanki ko oben, saboda mai kaya ba shi da hanyar ganewa. Fanel na ƙonewa, gaskiya ne, musamman in wuta ta dawo da ƙarfi ko kyankyasai sun yi gida a kai. Amma shi ne na ƙarshe da ake zargi, bayan an auna masu arha an ga lafiyarsu. In ka ji rile, wato ɗan suwic ɗin da ke kan fanel mai sakar wa moto wuta, ya yi ƙas, wuta ta isa moto amma bai motsa ba, moto ne. In wutar ba ta fito ba sam, kuma waya, suwic da sensa duk lafiya, to a nan ne za ka ambaci fanel da bakinka.

Sauran abubuwan gajeru ne. Ka ɗauki hoton wayoyi kafin ka zare ko ɗaya. Ka duba hinjin ƙofa, don in ƙofar ta saki, ƙugiya ba za ta sami raminta ba, ka yi ta neman laifi inda babu. Oben na gwanjo da ya fito daga Amurka ka karanta farantin bayaninsa tukuna: can ana raba wuta 120 da 240, moton makulli da fanel sau da yawa na 120 ne, tamu kuwa 230 ce, in aka jona kai tsaye nan take za su tafi. Masu gida kuma ka gaya musu kada su sa wanki ana gobe Sallah ko biki, kuma kada su fara sai da wutar da suka amince za ta kai su ƙarshe.

Ku da kuka rage a shagon, duk abin da mita ta nuna ku rubuta, ku nuna wa mai kaya tun kafin kowa ya iso. Ni na samu ɗan wuri wajen Titin Gidan Zu, bayan Sallah zan buɗe in Allah ya yarda. Kafin nan zan je Nasarawa in gaida Hajiya, in gaya mata wanda ya fasa mata gilashi.