Na kare, kuma na ƙare, Alhamdulillah

Jama'a jiya Allah Ya nufa na kare kundin bincikena na digiri na biyu, kuma na ƙare ɗin gaba ɗaya, sai 'yan gyare-gyare da aka ce in yi cikin sati biyu. Saƙonninku sun yi yawa wallahi ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, don Allah ku karɓi wannan a madadin.

Farko Hajiyata. Shekara uku tana min addu'a a kan abin da har yau take cewa "binciken bishiyar nan naka", saboda ranar da na fara mata bayani na ce sunan ƙwayoyin dendiritik, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da nake bincike a kansu, daga kalmar Girkanci ta bishiya aka samo shi, don suna da rassa, shikenan ta riƙe bishiya ta saki sauran. Sai da na ce mata Hajiya kin san kaluluwa da ke fitowa a hammata ko matsematsi in mutum ya ji ciwo? To waɗannan ƙwayoyin ne ke tsintar guntun cuta a fata ko a hanji su kai shi can su nuna wa sojojin jiki, ƙwayoyin T, su ce ga ɓarawon ku gane shi. Allurar rigakafi ma sai ta bi ta hannunsu take aiki. Ta ce ashe 'yan kai rahoto ne. Allah Ya ƙara miki lafiya Hajiya, wannan fassarar taki ta fi tawa.

Ni ɓangaren da na duba shi ne ɗaya aikin nasu da ba a cika magana a kai ba, su ne kuma ke cewa wannan ɗan gida ne kar a taɓa shi, in wannan ya lalace sai jiki ya koma yaƙar kansa. Na riƙa ware monosait, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, daga jini ina rainonsu da wasu sinadarai, GM-CSF da IL-4, wajen kwana shida har su fito da rassa su zama dendiritik, wasu in sa musu bitamin D in ga yadda suke yin sanyi su daina zuga faɗa. Don haka abokaina da suka miƙo hannu aka ɗebi jininsu ba ko sisi, wasu har sau uku, ɗaya ma tsoron allura gare shi kamar yaro amma ya zo, ban san da bakin da zan gode muku ba.

Sai Baba mai kula da lab ɗinmu. Inkubeta, na'urar da ake rainon ƙwayoyin a ciki, digiri 37 take so dare da rana, ranar da wuta ta ɗauke janareta kuma ya ƙi tashi na yi asarar aikin wata guda cur, na zauna a ƙasa kamar in yi kuka. Tun daga ranar bawan Allahn nan ko ƙarfe biyun dare ne zai kira ni ya ce ɗana an ɗauke fa amma na tayar, kwanta abinka. Sunansa ba zai fito a kan takarda ba amma rabin aikin nan nasa ne.

Malamina da ya duba aikin, jan bironka ya sa ni zazzaɓi ba sau ɗaya ba, Allah Ya saka da alheri Malam. Shi ya ba ni labarin Ralph Steinman lokacin da na ce zan ajiye, mutumin da ya gano ƙwayoyin nan a 1973 a Jami'ar Rockefeller ta Amurka tare da Zanvil Cohn, aka daɗe ana shakkar maganarsa, sai 2011 aka ba shi kyautar Nobel, kwana uku bayan ya rasu, kwamitin ma bai san ya rasu ba. Malam ya ce kai wata guda ka rasa kake wannan kumbure-kumburen?

Uwargida, na san na ci bashin hira da yawa, yara ma sun fara ce min baƙo. Yaya da ya biya kuɗin sinadaran da dala ta mayar da su zinare, Allah Ya buɗa maka ninkin ba ninkin.

Masu tambayar walima kuma, sai bayan na miƙa gyaran, za ku ji ni in sha Allah. Shinkafa ce dai da zoɓo kar kowa ya sa rai da rago.